Kundin aiki: koya wa manhajar shago magana idan abu ya ƙi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Wata huɗu ke nan da na haɗa wa wani Alhaji a Kantin Kwari manhajar lissafi. Atamfa da shadda da leshi yake sayarwa a kan sari, yana da shago biyu da sito ɗaya, yara biyar da akawu. Manhajar ba wata babba ba ce. Da Python na rubuta ta, rumbun bayananta PostgreSQL 16 ne, yaran kuma ta burauzar wayoyinsu suke shiga. A shigar da kaya, a yanka rasit, a rubuta bashi, shi ke nan.

Jiya da daddare ɗaya daga cikin yaran ya turo min hoton fuskar wayarsa ta WhatsApp, ya biyo shi da murya: "Yaya Injiniya, abin nan naka fa ya zage mu da Turanci." Ga zagin:

duplicate key value violates unique constraint "kwastoma_waya_key"

A ƙasa kuma ga lambar wayar wani kwastoma ɓaro-ɓaro, don PostgreSQL yakan haɗo da ƙarin bayani kan ainihin abin da ya yi karo. Ma'anar duka ita ce lambar da yake son yi wa rajista tana ciki tun da. Shi da kansa ya shigar da mutumin wata biyu da suka wuce, ya manta. Rumbun ya yi aikinsa daidai, ya hana a buɗe wa mutum ɗaya shafin bashi biyu. Ni ne na yi sakaci, na ɗauki abin da rumbun ya faɗa wa kod ɗina na watsa shi gaban yaron shago yadda ya zo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tun ranar Alhamis abin ya faru. Suka ɗauka manhajar ta lalace, suka koma littafi ba su gaya wa kowa ba. Cinikin kwana uku yana takarda, yau da safe akawu ya zauna yana shigarwa da hannu yana tsaki.

Don haka na ware wannan aikin shi kaɗai kafin cinikin azumi ya taso. Duk saƙon da rumbu zai yi, kod ne zai karɓe shi. Cikakkensa ya tafi kundin bayan fage inda ni kaɗai nake dubawa. Mai riƙe da waya kuma ya ga magana da Hausa mai amsa masa tambaya biyu: an ajiye ko ba a ajiye ba, kuma yanzu me zai yi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Dabarar da ta fara zo min ta malalata ce: in duba ko akwai "duplicate key" a cikin saƙon, in akwai in sauya shi. Har na rubuta layi shida kafin na goge. Rubutun saƙon ba abin dogaro ba ne. PostgreSQL yana da saiti mai suna lc_messages, in aka juya shi sai saƙonnin su fito da Faransanci ko Jamusanci ko Japananci (Hausa dai ba ta cikin jerin), kuma kalmomin kan ɗan sauya daga fitowa zuwa fitowa. Littafin jagoran PostgreSQL da kansa ya ce a dogara da lambar kuskuren, kada a dogara da rubutun.

Lambar ita ce SQLSTATE, gurbi biyar. Biyun farko su ne dangi, ukun ƙarshe su ne ainihin laifin. Dangin 23 na karya ƙa'idar bayanai ne, kuma a nan mafi yawan aikina yake: 23505 abu ya maimaitu, 23503 ana son taɓa abin da wani layi ya rataya a kansa, 23502 an bar gurbin dole babu komai, 23514 an saɓa wa sharaɗin da aka gindaya. Dangin 22 na bayanin da bai dace da mazauninsa ba ne. Dangin 40 na aikin da rumbun ya warware da kansa. Dangin 42 kuwa nawa ne ni kaɗai, rubutun SQL da na karkace ko sunan teburin da babu shi, kuma bai kamata yaron shago ya taɓa sanin akwai shi ba.

Amma lambar kaɗai ba ta isa. 23505 tana cewa abu ya maimaitu, ba ta ce wane abu ba: lambar waya ce, ko lambar kaya? Sa'ar da aka yi, tun fitowa ta 9.3 a 2013 PostgreSQL yake aiko da sunan ƙa'idar da aka karya a gurbi na daban, psycopg2 kuma, abin da ke haɗa Python da rumbun, yana miƙo shi ta diag.constraint_name, lambar kuma ta pgcode. Sai na yi jadawali guda, mabuɗinsa lamba haɗe da sunan ƙa'ida, amsarsa saƙon Hausa. Wuri ɗaya tak a cikin kod ɗin, ba a barbaza shi ko'ina ba.

23502 ce ta fita daban, ita sunan gurbin take bayarwa ta diag.column_name. Na ɓata kusan awa guda ina neman sunan ƙa'idar da bai zo ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Gudun gara, faɗawa gidan zago. Da na fara kama kuskuren ina nuna saƙo mai daɗi, sai na manta da warware ƙullin aikin da ya lalace, wato jerin umarnin da ko su shiga tare ko a fasa su tare. A PostgreSQL, da zarar umarni ɗaya ya faɗi a cikin ƙulli, duk abin da ya biyo baya sai a mayar da shi da 25P02, har sai an ce ROLLBACK, wato a warware ƙullin. A gwajin da na yi, rajistar kwastoma ta ƙi, saƙon Hausa ya fito tsaf, daga nan ko sunan kaya na nema sai ya ƙi. Da a shago aka yi wannan, da mun ga littafi ya sake fitowa.

Na gyara. Inda nake son ƙullin ya ci gaba bayan ƙaramin tuntuɓe, na sa SAVEPOINT, in koma kansa kawai.

Talata, 14 ga Janairu

Gani ya kori ji. Yau na shiga kasuwa da kaina da takarda mai saƙonni goma sha huɗu da na tsara. Hazo ya rufe gari, sanyi har cikin ƙashi, amma layin shagon a cike yake, 'yan dako suna ta "hanya, hanya" da diloli a ka. Na sami gefen benci, na riƙa karanta wa yaran ɗaya bayan ɗaya ina tambayar me suka fahimta.

Rabin abin da na rubuta bai tsira ba.

Na farko, kalmar "Kuskure" da na sa a saman kowane saƙo da jan rubutu. Babban yaron ya ce, "Yaya, in Alhaji yana tsaye a kaina ya hango wannan, ai ni na yi kuskuren ke nan." Gaskiyarsa. Sau da yawa ba laifin mai dannawa ba ne, wani lokacin ma ba laifin kowa ba ne. Na cire ta gaba ɗaya. Yanzu kowane saƙo da halin da ake ciki yake farawa: "Ba a ajiye ba."

Na biyu, ka da ki. Na rubuta "Ka duba lambar", alhali 'yar Alhaji takan shiga daga gida ta duba lissafin wata, Alhajin ma yakan karɓi wayar. Manhaja ta ce wa dattijo "ka sake gwadawa" kamar sa'anta, da nauyi a kunne. "Ku" ta yi kama da ana yi wa taro magana. Sai na koma ga yadda ake rubuta sanarwa a ƙofar masallaci: "A duba lambar." "A sake gwadawa." Ba namiji ba mace, ba babba ba yaro. Turanci bai san wannan matsalar ba, shi ya sa ba a cin karo da ita a darussan da ke intanet.

Na uku, Hausar ofis. Na rubuta "Adadin da ke ma'ajiya bai kai abin da aka buƙata ba." Suka yi shiru. Akawu ya ce, "Kana nufin kayan sun ƙare?" Yanzu saƙon 23514 na sharaɗin saura yana cewa: "Ba a ajiye ba. Saura turmi 4 kawai a sito. A rage, ko a tambayi sito." Don in sa adadin a ciki sai na sake tambayar rumbun bayan an warware ƙullin, amma ya cancanci wahalar.

Wannan sharaɗin, wato kada saura ya sauka ƙasa da sifili, a cikin rumbun na sa shi tun farko, kuma a nan zai zauna. Kod yana dubawa kafin ya yanka rasit, amma in yaro a shago na ɗaya da yaro a na biyu suka danna a lokaci guda kan turmi huɗun ƙarshe, kowa zai ga akwai. Rumbun ne kaɗai ke ganin su biyun.

Na 23503 ya yi wa Alhaji daɗi: "Ba za a goge wannan kwastoma ba, akwai rasit da sunansa." Ya ce, "Malam, ko ya biya kada a goge. Wanda ya biya yau shi zai karɓa gobe."

Asabar, 18 ga Janairu

Ba wuta tun asuba, batirin kwamfuta ya kai ni azahar. Na sake wa ƙa'idoji suna. Waɗanda PostgreSQL ke raɗawa da kansa, sunan teburi da na gurbi da ɗan wutsiya, sukan rikita ni a jadawalin. Na ba kowace suna da hannuna, ba ƙ ba ɗ ba ɓ a ciki, don kada wata rana su ba ni ciwon kai a wata na'urar.

Iyakar bashi kuma, da take cikin wani ɗan shiri a rumbun, da P0001 take fitowa, lambar da RAISE EXCEPTION ke bayarwa in ba a faɗi wata ba. Na ba ta tata, KW001.

Laraba, 29 ga Janairu

Wannan ce ta fi kowace cin rai, kuma a zahiri ba daga rumbun take ba.

Akawu ya kira ni: an rubuta wa wata Hajiya mai sarin leshi bashi sau biyu, rasit biyu iri ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa arba'in. Ta zo biya aka faɗa mata ninki, ta ce wallahi ba ta san zance ba, har muryoyi suka ɗaga. Na duba kundin bayan fage, babu kuskure ko ɗaya. Duka biyun sun shiga lafiya lau.

Ga abin da ya faru. A tsakiyar kasuwa, cikin benaye da cunkoso, sabis yakan ɗauke ya dawo. Yaron ya danna, umarnin ya isa saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, rumbun ya ajiye, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Wayar ta gaji da jira ta nuna saƙon da ni na rubuta da hannuna: "Ba a ajiye ba. A sake gwadawa." Shi kuma ya bi umarni. Wato saƙona ne ya yi ƙarya. Wayar ba ta san ko an ajiye ba, ni na sa ta ta yi magana kamar ta sani.

Irin wannan na iya faruwa tsakanin kod da rumbun ma. In igiyar ta tsinke daidai lokacin COMMIT, umarnin tabbatar da ajiya, psycopg2 zai ɗaga OperationalError amma pgcode ɗinsa babu komai, tunda rumbun bai samu ya ce uffan ba. Jadawalina ba shi da abin kamawa a nan.

Gyara biyu na yi. Na farko a magana: in amsa ba ta zo ba, saƙon yanzu shi ne "Ba a tabbatar ko an ajiye ba, sabis ya yanke. A danna nan a duba." Na biyu a gini: tun kafin waya ta aika rasit take ƙirƙira masa shaida ta musamman, UUID, kuma ko sau nawa aka sake aikawa da wannan shaidar zai tafi. A rumbun na sa ƙa'idar kada shaida ta maimaitu. In aiko na biyu ya zo, 23505 za ta tashi.

Abin dariyar shi ne, wannan 23505 ɗin albishir ce. A kan lambar waya tana nufin a dakata. A kan shaidar rasit tana nufin aikin ya riga ya shiga, sai kod ya ɗauko rasit ɗin farko ya nuna da koren rubutu: "An riga an ajiye wannan rasit." Lamba ɗaya, fassara biyu masu kishiyar juna, sunan ƙa'ida ne kawai ya raba su. Da na tsaya kan dabarar neman "duplicate key" ta ranar farko, da yanzu ina warware zare.

Alhaji ya aika wa Hajiyar da ban haƙuri da turmi ɗaya. Bai ce min komai ba, wanda ya fi faɗan zafi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Tsugune ba ta ƙare ba. Alhaji ya kira ni da kansa bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, kana kusa? Akwai maganar da ba ta waya ba ce."

Na je. Ya buɗe jerin rasit, ya ɗora yatsa: 4118, sai 4120. Can ƙasa 4131, sai 4134. "Ina sauran?"

Mutumin da ya shekara talatin da littafin rasit mai lamba ya san abu ɗaya: in lamba ta yi tsalle, wani ya yage takarda. Har ya fara lissafin wane yaro ne ke shago a ranakun. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a zargi kowa a ba ni minti biyar."

Lambar rasit daga abin ƙirgen rumbun take fitowa, wanda ake kira sequence. Shi kuwa in ya ba da lamba ya bayar ke nan, ko aikin ya faɗi aka warware ba ya karɓar abarsa. Da gangan aka gina shi haka don kada masu aiki a lokaci guda su riƙa jiran juna. Duk rasit ɗin da ya ƙi shiga saboda kaya sun ƙare, duk aiko na biyu da shaida ta tare, ya cinye lamba ɗaya. Ko da ON CONFLICT DO NOTHING na yi amfani, mai tsallake abin da ya maimaitu shiru, haka za ta ƙone. Na buɗe masa kundin bayan fage na nuna masa 4119: ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai, an nemi shadda fiye da abin da ya rage, aka hana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To na ji. Amma ni ba na son lamba mai tsalle."

Ban yi musu ba. A wurin mai rubuta kod giɓin lamba ba komai ba ne, a kasuwa kuwa yana iya raba yaro da abincinsa. Na bar lambar ciki yadda take, na ƙara wata ta nunawa: ɗan teburi mai layi ɗaya ga kowane shago, ana ƙara masa ɗaya a cikin ƙullin rasit ɗin, in ƙullin ya warware ita ma ta koma. Illarsa, rasit biyu na shago ɗaya sai sun bi layi. Da yara biyar, ba wanda zai ji.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sati biyu shiru, sai yau. Kasuwa ta fara ɗaukar zafin kayan sallah, baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru sun fara sauka. Wani babban ɗan sari ya haɗa kaya masu yawa a rasit ɗaya, manhaja ta ƙi.

Wannan ne karon farko da saƙon ko-ta-kwana ya yi aiki a fili, wanda ke fitowa in kuskuren ba ya cikin jadawali: "Ba a ajiye ba. Matsalar daga manhaja ce, ba daga mai shigarwa ba. A kira Injiniya a faɗa masa wannan lamba." Sai lamba mai gurbi huɗu. Da farko haruffa da lambobi na cakuɗa, amma na tuna yadda ake fama da B da D a waya cikin hayaniyar Kwari, na bar lambobi zalla. Yaron ya kira, ya karanto, cikin minti ɗaya na ga layin a kundi: 22003, integer out of range.

Kuɗi da kwabo nake ajiye su, don guje wa rikicin ɗigo. Wannan daidai ne. Amma gurbin jimillar rasit nau'in integer na ba shi, shi kuwa iyakarsa 2,147,483,647. In aka mayar da wannan kwabo zuwa naira, miliyan 21 ne da dubu 474 da ɗari takwas da talatin da shida da 'yan kwabbai. Lokacin da nake ginawa ban kawo rasit ɗaya zai haura haka ba. Da tsadar kaya ta yanzu, diloli kaɗan ne.

Na ce su raba shi rasit biyu, baƙon ya kama hanya. Ban rubuta wa wannan saƙon Hausa ba, kuma ba zan rubuta ba. Ba abin da yaro zai iya yi a kai, gyaransa a gini yake.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na mayar da duk gurbin kuɗi bigint, mai ɗaukar lamba har gurbi 19. Sauyin yakan sake rubuta teburin gaba ɗaya ya kuma kulle shi har ya gama, don haka na bari sai bayan isha'i, na ɗauki kwafin ajiya tukuna. Bai kai minti ɗaya ba.

Ina cikin duba kundi na tsinci 40P01 guda biyu a satin nan. Cirko-cirko ke nan: rasit a shago na ɗaya ya riƙe layin atamfa yana jiran na shadda, na shago na biyu ya riƙe shadda yana jiran atamfa. PostgreSQL yakan jira daƙiƙa ɗaya, in ya ga an sarƙe sai ya kashe ɗaya don ɗayan ya wuce. Wannan ma ba ta buƙatar saƙo. Kod yana sake gwada ƙullin tun daga farko har sau uku kafin ya ce wani abu, kuma yanzu ina jera kayan rasit bisa lambarsu kafin in taɓa su, kowa ya bi ta ƙofa ɗaya.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya shigo, shago ba masaka tsinke. Jadawalin yana da saƙo goma sha tara yanzu. Tun 18 ga Fabrairu ba a kira ni da lambar ko-ta-kwana ba.

Saura abu biyu. Kundin bayan fage har yanzu yana ajiye ƙarin bayanin nan mai ɗauke da lambobin wayar kwastomomi. Na raba shi da fuskar waya, amma yana kwance a saba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Zan sa a riƙa rufe tsakiyar lambar kafin a rubuta, tsofaffin kuma a share duk wanda ya wuce wata uku.

Na biyu, sabon yaron da aka ɗauka don cinikin sallah ajami yake karantawa, boko sai da ƙyar. Babban yaron ya ce yanzu da launi yake gane wa: kore ya wuce, ja ya miƙa wa na kusa da shi. Na tambayi akawu ko zai iya rubuta min saƙonni biyar da suka fi fitowa da ajami in gwada yadda za su zauna a waya. Ya ce sai bayan sallah.